Aljihun Régis

In ban da ni da mijina Régis, ban san wanda ya damu da fim ɗin nan a duk garinmu Roubaix ba. Bai daɗe a silima ba aka cire shi, masu sharhi suka ce shirme ne. Su suka sani.

Labarin Solange ne, mai gidan burodi, da ta kamu da son mai manna fastocin jam'iyyar da ta tsana. Da safe su zagi juna a bakin shago, da yamma ta ɓoye masa burodi mai zafi. Za ka yi dariya har cikinka ya ƙulle, amma ka duba bayansu: masaƙu na rufewa, maƙwabta sun daina gaisawa. Abin da masu sharhin ba su gani ba ke nan.

Wurin da na fi so ranar zaɓe ne. Kowannensu ya ɗauki takardun 'yan takara biyu, ya shiga bayan labule, ya sa ɗaya a ambulan, ya cusa ragowar a aljihu. Da suka fito suka laluba aljihun juna. Ashe shi ɗan takararta ya zaɓa, ita kuma nasa.

Daga nan muka samo al'adarmu. Duk Lahadin zaɓe, in mun dawo, kowa ya ajiye takardar da ta rage masa a tebur, sannan mu kunna fim. Kullum suna ɗaya ne a kan takardun biyu.

Bana kam abin ya sha bamban. Ɗaya daga cikin 'yan takarar cewa yake duk wanda aka haifa a waje sai an sake duba zamansa. Ni a garin Oran aka haife ni, a wata ƙasa, aka kawo ni nan ina jaririya. Régis kuwa, tun da aka sallame shi daga aiki, ya koma zaman gidan kofi na kan kwana, kuma ya daina zagin talabijin in ɗan takarar nan yana magana.

Ranar zaɓen, da muka dawo, na ajiye tawa takardar kusa da kwanon cuku.

"Tsoho, fito da taka."

"Yamina, wai ba kya gajiya da wasan yaran nan?"

"Kai ka koya min shi. Fito da ita."

Ya shafa aljihun kwat ɗinsa kamar mai neman ashana.

"Na jefa ta a kwandon shara, can wurin."

"Duk shekarun nan, yau ka gano akwai kwando?"

"Kunna fim ɗin kawai."

Na kunna. Solange ta watsa wa saurayinta gari a ka, ba wanda ya yi dariya a cikinmu. Rana ba ta gama faɗuwa ba, ba a ma faɗi sakamako ba, amma ta wajen gidan kofi motoci sun fara ham, wasu na rera waƙa. Tsoro ya kama ni a cikin falona.

Da aka zo wurin aljihun, Régis ya tashi ya rufe taga. Ya daɗe tsaye, ya ba ni baya.

"Ki kwantar da hankalinki," ya ce a hankali. "Ai ba da irinki suke ba."