Waƙar da Aka Maimaita a Kan Ulun Lachlan

Lachlan Beaton ɓarawo ne, kuma abin da ya sata waƙar makoki ce, wadda tsohuwa Peigi ta yi wa 'ya'yanta biyu da teku ta ci. Ba a ga gawar Niall ba, ba a ga ta Alasdair ba. Waƙar nan ita kaɗai ce kabarinsu.

Yayarsa Marsaili ta san yadda aka yi. Duk ranar da matan tsibirinsu suka taru bugun sabon saƙin ulu don ya yi kauri, suna yi suna waƙa, namiji ba ya shiga ɗakin. A wata irin wannan rana Lachlan ya ce kansa na ciwo, ya kwanta a ɗakin da ke jikin bango da fensir a hannu, ita kuwa ta bar masa ƙofa a ɗan buɗe. Bayan shekara biyu littafi ya iso a jirgin ruwan Talata. Ga waƙar nan ciki da Turanci, da sunansa a sama. A gabatarwa ya gode wa malamansa na Edinburgh da mawaƙan Girka na dā, ya ce su suka buɗe masa kunne. Sunayen yaran kuwa ya cire su, wai suna yi wa bakin Bature nauyi.

Yanzu ga shi za a karrama shi a birni, yana son sabuwar kwat. Marsaili ta saƙa masa ulun da hannunta, ta aika wa mata su zo bugu. Ta ɗauka ba mai zuwa. Da hantsi sai ga su su tara, Peigi a gaba tana dogara sanda.

Aka jiƙa ulun, aka shimfiɗa shi a kan dogon katako, suka zauna biyar na fuskantar biyar.

Seonag, matar maƙeri, ta ja hannun riga ta ce, "To, 'yan'uwa, a buga da kyau, kada mutanen birni su ji warin tumaki su gane inda malam ya fito."

Mutum biyu suka yi dariya. Peigi ba ta yi ba.

Aikin yana da doka, kuma ko jaririya ta san ta. Ana miƙa ulun daga hannu zuwa hannu ta gefen da rana ke bi. Kuma ba a rera waƙa ɗaya sau biyu a kan saƙi ɗaya, don wanda ya sa tufar ba ya ganin alheri.

Waƙa uku suka wuce, ulun yana ƙara kauri. A ta huɗu Peigi ta ɗaga murya da waƙar 'ya'yanta. Ta kira Niall, ta kira Alasdair, mata suna amshi, hannuwa suna dukan katako. Da ta kai ƙarshe ta yi numfashi, sai ta sake ɗaukowa daga farko.

Marsaili ta ce, "Inna, ai kin yi wannan."

"Na sani, 'yata."

"Inna, don Allah. Ƙanena ne."

"Ni ma nawa biyu ne. Miƙo."

Sai Seonag ta ja ulun ta ɗaya gefen, ya fara tafiya saɓanin rana. Ba wadda ta ɗaga kai. Marsaili ta ji damshin ulun yana wucewa ta ƙarƙashin tafinta, ta so ta danne shi, amma sai ta tuna ƙofar nan da ta bari a buɗe. Hannunta ya miƙa shi gaba.

Da aka gama ta ɗora shayi, ta fito da gurasa da man shanu. Ba wadda ta taɓa. Suka fita ɗaya bayan ɗaya.

Kwana tara tana sa ranar da za ta ƙona ulun tana ɗagawa. A rana ta goma Lachlan ya kai wa tela shi. Da aka gama ɗinki tela ya kawo kwat ɗin, doguwa har gwiwa, mai nauyi. Lachlan ya tsaya gaban madubi yana juyi.

Ta ce, "Cire ta, Lachlan. Ka tafi da tsohuwar."

"Wadda gwiwar hannu ta huje? Haba Yaya, so kike a ɗauka na zo sayar da kifi?"

Ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ya daina juyi, idonsa ya kawo haske. Ta ɗauka tsoro ne ya kama shi, har ta fara jin sanyi a ranta. Sai ta ga ya sa hannu a aljihu ya zaro ɗan littafinsa.

"Saɓanin rana, kika ce? Kai, wannan abu da kyau yake! Da kika ce ƙanenki ne, me ta amsa? Faɗa mini daidai yadda ta faɗa."

"Je ka ka roƙi gafararta. Ka mayar da sunayen yaran nan."

"Yaya, ba don ni ba, da waƙar nan ta mutu tare da ita. Ita ya kamata ta gode mini. Me ta amsa?"

Marsaili ta dube shi har ya gama fiƙe fensirinsa. Sannan ta ɗauki buroshi ta kakkaɓe masa kafaɗa.

Ranar Talata hazo ya rufe mashigar ruwa. Babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, sai kwale-kwale ya kai masa fasinja. Marsaili ta tsaya a kan dutse tana kallo. Can gefe ga Peigi zaune, sanda a cinya, ita da ba ta zo bakin ruwa ba shekara goma sha shida.

Daf da jirgin igiyar ruwa ta kifar da kwale-kwalen. Mutum bakwai ne a ciki, an tsamo shida da rai. Kwat ɗin ta sha ruwa ta ja Lachlan Beaton ƙasa. Ba a ga gawarsa ba, kuma ba wanda ya yi masa waƙa.