Ɗaya Bakwai a Jere

A shekarar ƙarin albashin Udoji, Malam Sharhabilu, malamin lissafi a wata kwaleji a Wudil, ya sayi Vespa. Bai daɗe da ita ba wata motar siminti ta kaɗe shi kusa da gada. Ya tsira da ransa, amma idanunsa suka tafi.

Ranar da abin zai faru ya bar wa 'yan ajin ƙarshe tambaya a allo. Ya jera ɗaya guda bakwai, 1,111,111, ya ce su gano ko tana cikin lambobin nan da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Shi ma bai san amsar ba.

Da aka sallamo shi daga asibiti, zaman gida ya yi masa nauyi. Matarsa Hansai takan shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, ya wuni a zaune. Wata rana ta tsokane shi, ta ce ai ba da ido yake lissafi ba. Maganar ta zauna masa. Ya ɗauko lambar nan a ka. Biyu da biyar ba su da shiga. Uku ma haka, tunda jimillar ɗayoyin bakwai ce. Bakwai ta bar saura ɗaya, sha ɗaya ma ta bar ɗaya. Ya ci gaba da gwada lambobi marasa rabuwa bi da bi, in ya ɓata ya koma baya, Hansai tana riƙe masa inda ya tsaya. Har damina ta wuce yana abu ɗaya.

Da shugaban kwalejin, Malam Haladu, ya zo dubiya, ya kawo maganar ritaya cikin kunya. Sharhabilu ya roƙi a ba shi darasi guda tukuna.

Ranar darasin, ɗaliban suka miƙe da ya shigo, Hansai ta kai shi gaban allo ta koma bakin ƙofa. Ya tambaya ko akwai wanda ya warware tambayarsa. Suka ce sun gwada har ɗari suka gaji, sun yanke cewa ba ta rabuwa.

"Kun tsaya da wuri," in ji shi. "Ya'u, rubuta ɗari biyu da talatin da tara sau dubu huɗu da ɗari shida da arba'in da tara."

Ya'u, shugaban aji, ya shiga aiki da alli. Sharhabilu yana tsaye yana jin ƙarar allin. Can ya ji 'yan gaba suna ƙirgawa ƙasa-ƙasa, ɗaya, ɗaya, ɗaya, sai ajin ya ɓarke da tafi har 'yan wasu azuzuwa suka leƙo ta taga.

Malam Haladu ya kama hannunsa ya ce Litinin da safe aji biyu na jiransa. Sharhabilu ya yi dariyar da Hansai ta daɗe ba ta ji ba, ya ce wa ɗaliban su zauna, darasi bai ƙare ba.