Tabon da Ba Ya Jin Magani

Leda ɗaya, gorar ruwa, ragowar ƙosai, katin asibiti, ƙwayoyi kashi biyu, nata da na mijinta. Abin da Zulfa ta ɗauko daga Maraɗi ke nan. Sun baro Tasawa, moto, babur ɗin haya, na nitsewa cikin rairayin hanyar Urafane, Gwaggo Habsatu, ƙanwar ubanta, na bayanta riƙe da ƙugunta.

Likitar ba ta yi mata kwana-kwana ba. Ta ce gwajin jini ya nuna jikinta ya taɓa gamuwa da wani ciwon sanyi, klamidiya, wanda kan shiga mace ba zafi ba ƙaiƙayi. Jiki ya yaƙe shi, kuma dakarun da ya tara suna nan cikin jini, su aka gani. Hoton mara kuwa ya nuna tabo ya toshe hanyoyin ƙwai duka biyu. Zulfa ta tambayi yaushe abin ya shige ta. Aka ce jini ba ya faɗin lokaci. Mijinta na fari ya rasu. Mati, na yanzu, yana Aljeriya aikin gini. Ba ta san wa za ta tuhuma ba.

"Ƙwayoyin za su buɗe hanyar?" in ji Zulfa.

"Za su kashe ciwon, in da saura," in ji likitar. "Tabo ba ya jin magani."

Gwaggo ba ta yarda ba. Tun daga tasha take zancen wata tsohuwa a Issawane mai saiwar wankin mara. Shekaru ke nan, duk bayan girbi da inda take jan Zulfa neman maganin haihuwa.

Zalika, yayar Zulfa, tana da ɗiya da ta isa yaye, ta kuma yi mata tayin riƙonta. An yi mata irin wannan tayi da wadda yarinyar ke bi, ta ƙi. In ta karɓa, gari ya san ta fid da rai, ita ma ta sani.

Da suka sauka, Gwaggo ta bi ta har ɗaki, tana cewa ran kasuwa za su kama hanya.

"Mi wagga likita ta sani? Yarinya kamar muciya, ita ma ba ta haihu ba."

Zulfa ta tura ƙyauren ta rufe, ta jingina da shi.

"Gwaggo, ba ni zuwa Issawane. Ki ce ma Zalika ta kawo ɗiyar."