Sai Na Ga Wutar Kudu

Marewa na cusa tukwane a kwali, mahaifiyarta Ripeka na bi tana fito da su.

"Haba Mama! Gobe fa motar kaya za ta zo."

"Ta zo mana. Ta ɗebi iska."

Tun da tsohuwar ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu, likita ya ce zaman kaɗaici a garin Bluff na bakin teku, can kudancin ƙasar, ya ƙare mata. Marewa ta gyara mata ɗaki a gidanta na birnin Auckland, can arewa, kusa da asibiti. Ripeka ta ce sai dai a kai gawarta.

Wayar Marewa ta yi ƙara. Ta duba, ta ce masana sun sanar yau wutar kudu, hasken nan mai launi, za ta haska sama da zarar duhu ya yi.

"Kakanninmu da suka yi kudu a kwalekwale sun hura wuta ke nan," in ji Ripeka. "Babanki na wurinsu yana jin ɗumi." Teku ce ta cinye mijinta, ko hularsa ba a gani ba.

"Mama, wani burbushi ne rana ke fesowa, in ya bugi iskar sama sai ya yi haske."

"Ji mini malama! Ni na kai ki makarantar. A Auckland ɗin naku ana ganinta?"

"Da wuya."

"To bar ni in yi sallama da mijina. Ran da na ga wutar da idona, washegari ki kai ni inda kika ga dama."

Marewa ta amince da sauri, har da rantsuwa.

Suka ci soyayyen kifi da dankali. Ta lulluɓe uwar da bargo, ta zaunar da ita a baranda tana fuskantar kudu. Rana na faɗuwa hadari ya taso daga teku, ya rufe sama ruf, ruwa ya goce. Can sai hotuna suka fara shigowa wayar Marewa daga wasu garuruwa: sama ta yi ja da kore.

Marewa ta miƙa mata wayar. "Ga ta nan, ta fito."

Ripeka ta ture hannunta. "Da idona na ce."

"Mama, sai a yi watanni ba ta sake fitowa ba!"

"Ke kika rantse, ba ni ba." Ta dafa sandarta ta miƙe, ta ƙi a riƙe ta. Daga ciki ta ɗaga murya. "In kin gama kallon, ki rufe ƙofa. Sanyi na shigar mini gida."