Tsintsiyar Sirin

"Umma, namijin dabino ba ya haihuwa, ba ya komai sai shan ruwa. Shi ma irin Baffa Hedi ne?"

'Yata Sirin ce, shekararta biyar, ga kuma Baffan nata, ƙanin mijina, zaune da kofin shayi a hannu. Na rasa inda zan sa kaina. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce bakin uwarta ta gado.

Na ja ta gefe na yi mata bayani. Mutanen arewacin ƙasarmu suna da zaitun da alkama, mu a garinmu Tuzar, can bakin hamada, dabino ne namu. Shi jirage ke kwasa zuwa ƙasashen waje, shi nake jerawa a kwali da kaka, shi ya saya mata takalmin da ke ƙafarta. Amma sai Babanta ya hau kowace macen dabino ya ɗaura mata silin furen namiji, in ba haka ba 'ya'yan su fito a ƙanƙance, ko akuya sai ta yi yanga kafin ta ci. Ta gyaɗa kai kamar ta gane.

Washegari Mongi, mijina, ya hau soro ɗauko furen da ya shanya, bai tarar da komai ba. Bishiya arba'in sun buɗe, kuma ba sa jiran kowa fiye da 'yan kwanaki. Namijin dabino ɗaya gare mu, an riga an yanke furensa duka.

A tsakar gida muka same shi. Sirin ta ɗaure shi da zare, ta share gidan tas, garin furen duk ya bi ƙasa. Ta ce ta ga ina fama da ciwon baya ne. Mongi ya ɗaga murya, na shiga tsakani, na ce wanda ya ajiye abincin shekara inda hannun yaro ke kaiwa shi za a fara tambaya.

Hedi ya ajiye kofi, ya zura takalmi. "Ku ba ni zuwa azahar."

Ashe zaman gidan shayi ma sana'a ce. Babu mai gonar da bai san shi ba. Wannan ya ba shi sili goma, wancan damƙi guda, wani tsoho ya ba shi dami don kawai Hedi yana barin tsohon ya cinye shi a karta. Kafin azahar ya dawo da kwando cike, gashinsa fari fat da garin fure.

Ya durƙusa gaban Sirin. "To, Hajiya mai shara, ni namijin dabino, a sare ni ko a bar ni?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce a bar shi zuwa baɗi.

Ke mai ƙaramin yaro a gida, in lokacin ɗaurin fure ya zo, rataye furen can sama, ki kulle ƙofar soro. Kada ki ce ai kin yi masa bayani.