Giɓi a Jikin Ƙararrawa

A maƙerarmu akwai dokar da ba a tsallakewa: kafin guduma ta taɓa tsohuwar ƙararrawar da za a narkar a sake ƙerawa, sai an danna yumɓu a jikinta an kwafe rubutun, don a mayar da shi a sabuwar yadda yake. Shekarata ashirin a wannan aiki, amma ranar Talata na manta.

Ƙararrawar da aka kawo mana ta cocin wani ƙauye ce, ta haura shekara ɗari huɗu, rubutunta Turancin mutanen da, lokacin da kowa ke jera haruffa yadda ya ga dama. Littafin coci ya adana kalmomin, amma a rubutun zamani. Na farfasa ta, har na jefa guntu ɗaya a wuta kafin hankalina ya dawo. Na jera sauran a ƙasa, ga giɓi kamar tafin hannu a tsakiyar rubutun.

Maigidanmu Mista Pickersgill ba ya gargaɗi, kora yake yi. Da azahar sai ga shi da baƙo: Baba Enoch Thwaite, makaho, wanda ya shekara sittin yana kaɗa ƙararrawar yana goge ta. Wai ya zo yi mata bankwana.

Tsohon ya durƙusa yana bin haruffan da yatsa, bakinsa na motsi. Ina kallon yatsan yana matsowa. Da ya faɗa giɓin, sai ya tsaya cak.

"Lafiya, Baba?" in ji maigida, sannan ya juyo gare ni. "Colin, ina guntun nan? Ka dai kwafe ko?"

Kafin in buɗe baki, tsohon ya riga ni.

"Ƙyale shi," in ji tsohon. "Wurin nan tun ina saurayi ya shafe, ba abin da yumɓu zai ɗauka. Kai dai je ka sa mana shayi, ƙurar gidanka ta shaƙe ni."

Maigida na fita, tsohon ya damƙe wuyan hannuna.

"Sakarai! Miƙo yumɓu."

Na miƙa. Da farcensa ya zana haruffa biyar, a karkace irin na da.

"Baba, ka tabbata haka suke?"

"Ni za ka tambaya? Ni kaɗai na rage da na sani." Ya goge yatsansa a wando. "Ka yi sa'a ba baɗi ka manta ba, da wataƙila ba ka same ni a duniya ba."