Akwatin da Ghali Ya Haɗa wa Inna

Kwana shida suka rage wa Hansai a Riyad lokacin da akwatin ya mutu a hannunta.

Akwati ne na katako, da hannu ɗaya ma ana rungumarsa, da sifika biyu a gaba. Mijinta Ghali ne ya haɗa shi. Direba ne a gidan da take girki, kafilinsu, wato ubangidan da ya ɗauko su, ɗaya, ɗakinsu ɗaya a bakin get, shekara bakwai. Kafin ya zo Saudiyya gyaran rediyo yake yi a Wudil, kuma hannun bai taɓa barinsa ba. Duk ranar da ba a aike shi ba, sai ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya baje wayoyi, ɗakin ya cika da warin dalma.

Don mahaifiyarsa ya haɗa shi. Kunnen Inna ya yi nauyi shekara huɗu da suka wuce. Idan ya kira, jikoki su kara mata waya a kunne, ta yi ta sa albarka ba tare da ta san abin da aka ce ba. Akwai ranar da ya gaya mata zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku, ta ce madalla. Ya ajiye wayar, ranar bai ci abinci ba. Daga nan ya sayo wani ɗan allo mai launin shuɗi, kamar tafin hannu, wanda ke ƙara ƙarfin sauti, ya zauna a kansa wata da watanni. Ya kuma yi wa Inna saƙonnin murya goma sha ɗaya a wayarsa, ya ce ba mai jin su sai a gabanta idan sun je hutu.

Ba su je hutun ba. Wata safiya yana loda kwalayen tumatir a kasuwar Aziziya ya dafe ƙirji ya zauna, bai sake tashi ba. A Riyad aka binne shi. Hansai ta yi takaba a ɗakin nan na bakin get, da ta fita kafili ya yi mata takardun tafiya gida.

Tana haɗa kaya ne ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, murfin baya ya buɗe, wayoyi biyu baƙaƙe suka fice daga ramukansu. Ba ta tsorata ba. Ta sha ganin Ghali a shagonsa na Wudil yana murɗe baƙar waya da baƙar waya a tsofaffin rediyo, yana cewa duk hanyarsu ɗaya. Sai ta murɗe su wuri guda, ta cusa a rami ɗaya, ta ɗaure da bakin wuƙa. Ta kunna. Akwatin ya ce ɗas, 'yar fitilar ciki ta ƙifta, shi ke nan. Ta kashe ta sake kunnawa. Ɗas. Har sau bakwai.

Ta zauna a ƙasa da akwatin a cinya. Ba gawa za ta kai wa tsohuwa ba, ba kabarin da za ta nuna mata. Wannan kaɗai take da shi, ga shi ta lalata.

Washegari bayan la'asar ta nemi izini wajen matar gidan, ta hau tasi zuwa unguwar Manfuha. A can Issoufou yake, abokin Ghali, mutumin Damagaram, yana gyaran kayan lantarki a wani siririn shago tsakanin mai wanki da mai sayar da kayan miya. Dattijo ne mai furfura a gemu, tabarau biyu yake sawa, ɗaya a kan ɗaya. Shi da Ghali ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba, irin wasan Kanawa da Damagarawa.

Da ya gan ta ya miƙe. "Hajiya Hansai. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Malam Issoufou."

"Allah ya jiƙan bawana. Ya tafi bai yi mini sallama ba, halin Kanawa ke nan."

Ta yi murmushi, karo na farko tun rasuwar Ghali. Ta kwance zanen da ta naɗe akwatin da shi. "Na kashe masa abu. Ka duba mini, ko da sauran rai."

Ya buɗe bayan, ya sauke tabarau ɗaya a kan hanci. Bai taɓa komai ba tukuna, sai ya nuna da sukundireba. "Wa ya ɗaura wa waɗannan aure?"

"Ni ce. Ai duka baƙaƙe ne."

"Baƙaƙe ne, amma ba 'yan gida ɗaya ba ne." Ya girgiza kai. "A rediyon dā gaskiyarki ce, baƙar waya ƙasa ce, a haɗa su ba komai. Wannan allon kilas D ake ce masa. Shi kowace waya da wutarta take fita, ja da baƙa duka turawa suke. Kin haɗa baƙar dama da baƙar hagu, kin haɗa su faɗa ke nan."

"Ya ƙone?"

"Mu gani. Wasu suna da hankali, in sun ji faɗa sai su kashe kansu kafin su ƙone. Wasu ba su da shi."

Ya raba wayoyin, ya yanke bakinsu, ya fere sabo. Ya ɗauko mita ya dangwala nan ya dangwala can, yana motsa leɓe. Ya shinshina allon. Ya juya shi ya haska da fitilar waya, ya ga ƙafar wani naɗin waya ta saki, ya ɗiga mata dalma. Warin ya tashi. Hansai ta juya fuska wajen titi, ta yi kamar tana kallon motoci, don warin ɗakinsu ne sak.

"Kawo abin da za mu ji," in ji shi.

Ta fito da wayar Ghali. Ba ta taɓa saƙonnin Inna ba. Ta nemo wanda ya turo mata ita kanta daga kasuwa, makonni kafin rasuwarsa. Issoufou ya jona, ya kunna. Fitilar ta kama, ta tsaya.

"Hansai, ina Aziziya. Kuɓewar yau ba kyau, duk ta tsufa. In sayo haka ko in bari?"

Ta dafe bencin. Akwatin ya yi magana. Amma muryar siririya ce, mai kaifi, kamar ana magana ta cikin gwangwani.

"Alhamdu lillahi, yana da rai," in ji Issoufou. "Amma wannan wace irin murya ce? Bakano da ƙirji kamar ganga, a mayar da shi sauro?" Ya sake leƙa allon, sai ya yi dariya. "Na kama shi. Dubi nan, Hajiya. Waɗannan 'yan ƙwayoyin biyu, kondensa ne, ta nan sauti yake shiga. Ya cire na asali ya sa ƙanana. Ƙaramar ƙofa ce, kaurin murya ba ya wucewa. Rowa ce kawai, ya tsinci na banza ya liƙa. Bari ki ga aikin Damagaram."

Kafin ta ce wani abu ya cire su, ya tura su gefen benci, ya liƙa manya. Ya sake kunnawa.

"Hansai, ina Aziziya."

Wannan karon Ghali ne ya shigo shagon. Muryarsa ce da kaurinta, da 'yar dishewar nan ta safe, har numfashin da yake ja kafin ya ce kuɓewa. Wata biyar tana jin saƙon nan a bakin waya, ba ta taɓa jin sa haka ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Issoufou ya cire tabarau duka biyun yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Halas, an gama," ya ce a hankali. "Ga mutuminki."

Ta ce ya sake sawa. Ya sake. A na uku ne wani abu ya faɗo mata. Ghali ba marowaci ba ne a kan wannan akwatin. Ta tuna shi durƙushe yana canza 'yan ƙwayoyin nan, ya sa ya cire, ya sa ya cire. Ta kuma tuna abin da yake yi bayan kowane canji, abin da take yi masa dariya a kai.

"Malam Issoufou, kana da auduga?"

"Auduga? Ciwo kika ji?"

"Ba ni dai."

Ya miƙo mata wadda yake goge allo da ita. Ta cusa a kunnuwa biyu, ta naɗe kanta da zanen akwatin har sau biyu a kan mayafi, ta koma bakin ƙofa ta ba shi baya. "Sa wani saƙon, wanda ban haddace ba."

"Hajiya, lafiya? Mutane suna kallo."

"Haka yake yi. Ya toshe kunne, ya naɗa rawani, ya ce yanzu ya zama Inna. Sa."

Ya sa wani. Ta ji gurnani mai daɗi, buu, buu, kamar ana magana a ɗakin maƙwabta. Ta san shi ne. Amma kalma ɗaya ba ta kama ba. Ta ce ya ƙara sauti. Ya ƙara har mai wanki ya leƙo yana faɗa da Larabci. Gurnanin ya ƙaru, kalmomin ba su fito ba.

Ta cire audugar. "Mayar da ƙananan."

"Haba Hajiya. Yanzu fa kika ji shi kamar yana tsaye."

"Na ji. Ba don ni aka yi ba."

Issoufou ya dubi 'yan ƙwayoyin da ya ture. Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido. "Kunnen tsoho," ya ce, kamar da kansa yake. "Kaurin yana ji, bakin kalma ne yake ɓace masa. In kauri ya yi yawa sai ya danne sauran." Ya ja tsaki. "Ashe da gangan ya yi. Bakano ya ci ni yana kwance." Ya ɗago. "To ga shawara. In sa miki makunni a baya. Sama naki, ƙasa na tsohuwa."

Ta so hakan. Har ta buɗe baki. Sai ta tuna gidan Wudil.

"Jikoki tara ne a gidan nan. Duk abin da ke dannuwa sai sun danna. Ni kuwa sati zan yi in wuce gidanmu. Su mayar da shi sama, ta zauna tana jin gurnani, kuma ba za ta faɗa wa kowa ba. Na san ta. Kar ka sa komai."

"Shi ke nan."

"Amma kafin ka cire," ta ce, "sa mini na kuɓewar sau ɗaya."

Ya sa. Ta saurara har ƙarshe, idonta a rufe. Sannan ya ɗauki ƙarfensa mai zafi ya cire manyan, ya mayar da ƙananan inda Ghali ya sa su. Ta sake toshe kunne ta koma bakin ƙofa. Muryar ta zo siririya, ba daɗi, amma ta ji ana cewa a ajiye masa shayi, zai makara. Kowace kalma ta fito.

Issoufou ya ɗaure kowace waya a raminta, ya ɗiga musu gam don kada su sake ficewa. Ya gwada akwatin da batirin mota, tunda da batirin sola za a yi amfani da shi a can. Ya naɗe mata shi da kansa. "Ki gaida tsohuwa. Ki ce bawanta na Damagaram ya taɓa, amma bai ɓata ba."

A filin jirgi kayanta suka yi nauyi. Ta fitar da tukwane biyu da bargo ta bar wa wata mai shara, ta riƙe akwatin.

Ta isa Wudil ranar Asabar. Sai da masu gaisuwa suka ragu, ranar Litinin da hantsi, ta sa aka kawo batirin tsakar gida. Inna tana kan tabarma a inuwar ɗaki, ta rame, carbi a hannu. Hansai ta ajiye akwatin gabanta, ta jona, ta duba wayoyin sau biyu. Ta danna saƙo na farko.

"Salamu alaikum, Inna. Ni ne. Ina da tambaya. Wace rana kika haife ni? Na manta."

Daga nan shiru. Hansai ta ɗauka ya sake mutuwa, sai ta ga lambobin lokacin saƙon suna tafiya a wayar. Ashe wuri Ghali ya bar wa Inna ta amsa.

Carbin ya tsaya a hannun Inna. Ta matso da fuskarta kusa da sifika.

"Laraba," ta ce. "Laraba ce, ana ruwa. Babanka ya tafi kasuwar Gaya, ba kowa a gidan sai ni da ƙanwata Ikilima, ita ma yarinya ce, ta ruga kiran ungozoma ta faɗi a taɓo..."

"Na gode, Inna," in ji akwatin. "Tambaya ta biyu."

Inna ta ɗaga hannu wajen Hansai, ba ta ko kalle ta ba.

"Tsayar da shi," ta ce. "Ban gama ba."